Da Gashin Bayan Karenmu Ya Tashi

A gidanmu na Ƙofar Marke inda na tashi, ko inuwar kare ba ta shiga zaure. Mahaifina malami ne, manya ke zuwa ɗaukar karatu a ƙofar gida, in kare ya gilma ta layin sai ka ga kowa ya tattare rigarsa. To da aka kai ni Mabera, can ƙarshen unguwa inda gidaje ke da tazara, ban taɓa zaton zan zauna gida ɗaya da kare ba. Maigidana fataucin albasa yake yi, ya bi mota zuwa kudu ya yi makonni, a gida kuma yana kiwon jajayen awaki. Da aka haura katanga aka ɗauke masa masu ciki, sai ya tafi ƙauyensu ya dawo da ɗan kwikwiyo a cikin kwali. Ja ne, siriri, mai dogon baki, kunnensa ɗaya a karye.

Na yi kuka, na aika wa mahaifina ƙara. Ya aiko mini cewa karen gadin dabbobi ba laifi, in dai ba ya shiga ɗaki kuma kaskonsa daban. Shi ke nan bakina ya mutu.

Aka kafa masa turke a lungun awaki, aka sa masa sarƙa. Ban taɓa taɓa shi ba, ko kallonsa ban cika yi ba, amma da yake kullum ina gida sai na san shi da kunne. Haushin da yake yi wa mai ruwa daban, gajere, na fita hakki. Na kyanwa daban, mai tsini, kamar ana yi masa cakulkuli. Na baƙon namiji kuwa daga ƙirji yake fitowa, ba ya tsayawa sai an tafi. Ko ƙarar sarƙar na sani. Ina cikin ɗaki zan gaya maka yanzu ya kwanta, yanzu ya miƙe, yanzu yana susa.

Muna da ɗiya guda a lokacin, ta fari. A wurinmu uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta rawar jiki a kansa gaban manya, in kakarsa ta yanke magana kuma ba ta tambaya. Ko goye nake da ita, in na ji sallamar uwar mijina, wadda muke kira Inna, sai in sauke ta in kama wani aiki kamar ban san da ita ba. 'Yan yanzu dariya suke yi wa wannan. Ni dai haka na taras, haka na yi.

Yarinyar ta kusa shekara biyu ba ta tashi ba. Ga baki, ga wayo, ga ƙiba, amma in za ta wani wuri sai ta ja gindi. Sa'anninta na layin har aikensu ake yi. Na kai ta asibiti, nas ta lanƙwasa ƙafafun, ta miƙe su, ta ce ƙashinta lafiya lau, wasu yaran haka suke, a ba ta wake da ƙwai a bar ta a ƙasa. Na yarda, sai dai a gidan biki ba wanda ya san da maganar nas. Ka ji wata ta ce, "Har yanzu dai?" wata kuma ta ce, "Allah ya tashe ta," da irin muryar da ake yi wa mara lafiya addu'a. Inna ta fi kowa jin ciwon abin, ko da yake da wasa take fito da shi.

"Ƙawata malalaciya," in ji ta ga yarinyar, "wanga gindi naki ya hi tsintsiya shara. Tashi mu tahi kasuwa in saya miki takalmi."

Yarinyar ta yi dariya, ta ja jiki ta bar mata wurin.

Inda take zuwa kuwa wurin karen ne. Ta san daidai inda sarƙarsa ke ƙarewa, nan take tsayawa. Shi kuma ya kwanta ya ɗora haɓa a ƙasa, wutsiya na bugun ƙasa fat, fat. Ta gutsiri ƙosanta ta jefa masa, ta yi masa hira da yarenta. Kullum sai na je na ɗauko ta ina faɗa, kullum sai ta koma.

Cikin bazara ne, maigida yana hanya, Inna ta zo da hantsi daga Unguwar Rogo ta ce ana suna a maƙwabtansu, za ta tafi da ƙawarta. Na yi mata wanka na sa mata kaya, Inna ta goya ta suka fita.

Bayan la'asar na ji takun silifas ɗin Inna a zaure. Akwai ɗan haushin da karen ke yi mata, kamar gaisuwa, sai na tsaya da wanke-wankena ina jiran in ji. Ban ji ba. Sarƙa ma ba ta motsa ba. Shirun ne ya sa na ɗaga kai.

Yana tsaye, ƙafafu a sandare, kai a ƙasa. Gashin bayansa ya miƙe tun daga ƙeya har gindin wutsiya, layi guda baƙi-baƙi, kamar kunyar gona. Kare siriri, amma sai na ga ya cika lungun. Sannan na ji wata ƙara da ban taɓa ji daga gare shi ba, can ƙasa, kamar ana jan turmi a ɗaki na uku. Awakin ma duk sun dunƙule a kusurwa. Ba Inna yake kallo ba. Bayanta yake kallo, inda ɗiyata ke barci.

"Ke, mi ya samu wanga naku?" in ji Inna. "Ko da yunwa kunka bar shi?"

Dariya ta yi, amma ta ɗaga ƙafa ta shige ɗaki da sauri. Da ta kwance goyon yarinyar ta farka ta buɗe baki za ta yi kuka, sai iska kawai ke fita. Muryar ta dishe ƙarƙaf. Bai kamata in tambaya ba, don haka na juya na fuskanci bango ina gyara labule, na ce kamar da kaina nake, "Kamar an sha kuka."

"Zahi na, da hayaniyar mutane," in ji Inna. Ta ɗaga rigar yarinyar ta nuna mini ƙugunta. Wata 'yar laya ce sabuwa, jar fata, ba ta wuce babban yatsa ba, sai ƙamshin turare take. "Kin ga wagga? Kada a kwance ta, kada a jiƙa ta."

Na ce to. Laya ai laya ce. Ni ma da ita na girma, ayoyi ne a takarda baduku ya ɗinke.

Na zaci washegari zai wuce, bai wuce ba. Muddin yarinyar tana ɗaki, karen nan kare ne kamar kullum, ya ci, ya sha, ya yi wa mai ruwa haushinsa. Ina fito da ita tsakar gida sai sarƙa ta yi shiru. Ko ban duba ba na san gashin ya tashi. Wani lokaci ya ja da baya har ya dangana da katanga, wani lokaci ya yo gaba har sarƙar ta shaƙe shi. Ita kuwa ba ta san an yi ba, tana miƙa masa ƙosai tana neman zamewa daga hannuna.

Maƙwabciyata, wadda nake kira Yaya don ta girme ni nesa, tana sayar da zoɓo, kuma ta kan katanga muke hira. Ta hau kan bulo ta leƙo ta gani da idonta.

"Ƙanwata, ba in tsorata ki ba," in ji ta, "amma kare shina ganin abin da mu ba mu gani. Kawuna na ƙauye haka karen gida ya rinƙa yi mishi, shina cikin ƙoshin lahiya. Ba a jima ba munka tahi gaisuwa."

Na ji kamar an zare mini ƙashin baya. Ta ga fuskata, sai ta shiga gyara magana.

"Kai, bakina wani lokaci. Shi tsoho ne, ya gama cin zamaninsa. Akwai laya gare ta?"

"Akwai, Yaya."

"To ki riƙe ta da kyau, ki yi ta addu'a."

Na riƙe ta kuwa. Na ga zaren ya yi mini siriri, na ƙara wani na murɗa su tare na ɗaure tam. In zan yi mata wanka sai in naɗe layar da leda don kada ruwa ya taɓa. Duk sanda karen ya tada gashi, hannuna na kan layar nan ina shafawa, ina gode wa Allah da Inna ta kawo ta a kan kari.

Na kira maigida a waya. Ƙarar motoci ta cika wurin, sai ɗaga murya yake yi.

"Gashi kawai? Bai kai cizo ba?"

"Bai kai ba."

"Shina cin abinci? Shina shan ruwa?"

"Shina ci, in ba ta kusa."

"To ba hauka ba ne. Wani abu ya canza a gidan? Kin kawo wata dabba?"

"Ba abin da ya canza."

Wallahi ko a raina layar ba ta zo ba. Wa zai lissafa laya cikin abin da ya canza? Ya ce in ja ta nesa da shi, in ya dawo zai duba.

Kwanakin nan abinci ba ya wuce mini. Ina tuƙa tuwo ina waiwayen ta. In ta yi barcin rana sai in durƙusa in kai kunne bakin hancinta. In ta yi tari sau ɗaya, na gama kai ta maƙabarta a zuciyata na dawo. Ga shi ba halin in je gida in faɗa wa mahaifiyata ina kuka a kan 'yar fari, sai a ce ban da kunya. Tsoro biyu nake ɗauke da su, ban san wanne zan fi tsarewa ba: abin da karen ke gani a jikinta, da karen kansa.

Ranar da abin ya faru, da hantsi ne, rana ta fara zafi. Na shimfiɗa mata tabarma a ƙofar ɗaki, iyakar nisan da gidan ke da shi daga lungun awaki, na ba ta ƙosai, na juya ina hura gawayi. Sai na ji sarƙa. Ba irin ƙarar da na sani ba, wadda ke tafiya ta tsaya cak. Wannan tafiya take yi a ƙasa, tana zuwa, tana zuwa, da wani abu mai nauyi yana bin ta ƙwal, ƙwal. Kwana da kwanaki yana fizga, ƙasar wurin kuma fitsarin awaki ya jiƙa ta. Turken ne ya tumɓuke.

Da na juya yana tsakiyar gida, tsakanina da ita.

Gashin nan ya tashi fiye da kullum, har na kafaɗu. Yana taku ɗaya-ɗaya kamar ƙafafun ba nasa ba. Wutsiya a matse, leɓe a ɗage, haƙora a waje. Muciya na hannuna, amma hannun ba ya jin magana. Na buɗe baki in kira Yaya, ba abin da ya fito. Tsikar jikina ta tashi tun daga wuya har ƙafa, na ji kan nan nawa kamar ana zuba masa tururuwa. Na san in na ruga zai riga ni isa. Na san in na tsaya ma zai isa.

Ita kuwa da ta gan shi sai ta washe baki. Ta miƙa masa ƙosan, tana kiransa da 'yar dishasshiyar muryarta da ba ta gama warkewa ba.

Bai kalli ƙosan ba. Ya kewaya ta bayanta. Ya matso, ya yi tsalle baya kamar ya taka wuta. Ya sake matsowa, yana wani kuka siriri a cikin gurnanin, ya sake komawa. Ina karanta duk abin da ya zo bakina, rabin wannan sura rabin waccan. Sai ya kai baki ƙugunta.

Na ji tas, ƙarar zare ya tsinke. Ta kife gefe guda ta tsandara ihu. Kafin in isa ya yi baya da wani abu a bakinsa, yana girgiza kai kamar ya kama ɓera. Ya wurgar da shi gindin katanga, sannan ya buɗe murya, haushin baƙon namiji, daga ƙirji, yana yi wa abin da bai wuce babban yatsa ba.

Na suri yarinyar na ɗaga riga. Layi biyu ne a ƙugu, haƙori ya karce, jini ya tsattsafo. A nan muryata ta dawo. Yaya ta faɗo gidan ko mayafi babu, ta fizge ta daga hannuna, ta kai ta bakin randa ta shiga wanke wurin da sabulu, tana zuba ruwa buta bayan buta, wai haka ta ji a rediyo. Kafin ta gama maza sun cika zaure da sanduna da duwatsu.

"Mahaukaci ne, a kashe shi," in ji wani.

Da ni aka tambaya a lokacin, da na ce a kashe. Wani dattijo na gidan da ke kallon namu ne ya tare ƙofa, ya ce ba a shiga gidan mutum ba ya nan a kashe masa dabba, a bari tukuna. Karen dai ya koma cikin awaki ya laɓe, yana haki.

Yaya ta ce a ɗauke layar daga ƙasa, kada a taka sunan Allah. Ta je ta sunkuya, sai ta tsaya. Ta samo ɗan kara ta buɗa fatar da haƙori ya yage. Ba takarda a ciki. Gashi ne, kaushi, ruwan toka da baƙi-baƙi, kuma da turaren ya kauce sai wani wari ya taso mai hawa kai.

"Wanga ba rubutu ba ne," in ji ta. Ta dube ni. "Ran da tsohuwa ta tahi da ita, ba ki ji an ce gardawa sun shigo gari ba?"

Na ce ban ji ba.

"Gashin kura ne. An kai ta hawan kura. Yaron da ya ƙi tashi, ɗora shi sukai bisa bayanta, wai ƙahwa ta yi ƙarhi, sannan su ba ka gashin ka ɗaura."

Gardawa, masu yawo da kura a ɗaure suna wasa suna sayar da magani, ni gangarsu kawai na sani, daga cikin gida nake jiyo ta tun ina yarinya, don ba a barin mu fita kallo. Sai a lokacin na gane abin da ya dishe wa ɗiyata murya. Na tuna hannuna yana ƙara zare, yana naɗe abin da leda. Ban sami damar yin kuka ba, Yaya ta tura ni cikin keke napep muka tafi asibiti.

Nas ɗin da na sani ce. Ta sake wanke wurin, ta yi mata allura, ta ce akwai saura, ta faɗa mini ranakun dawowa. Sannan ta ce, "Ina karen?"

"Suna jira su kashe shi."

"Kada a kashe shi." Ta ajiye abin da ke hannunta ta dube ni sosai. "Ku ɗaure shi, ku ba shi abinci da ruwa, ku sa masa ido har Juma'a ta sama. In yana da ciwon hauka, kafin nan zai nuna, zai ƙi ruwa, zai canza, zai mutu. In ya wuce lafiya, to bai sa mata komai ba. In kuka kashe shi, wa zai gaya mana?"

Da muka dawo suna nan zaune a kan benci, sanduna a jingine. Ni da ban taɓa yi wa mazan layin magana ba ban da gaisuwa, na ja hijabi na rufe rabin fuska na ce, "Don Allah a bar shi. Asibiti sun ce da ransa suke so."

"Ashe yanzu kare ake tambaya lahiyar mutum," in ji wani, aka yi 'yar dariya. Amma sun watse. Dattijon nan ne ya shiga ya sake kafa turken a busasshiyar ƙasa, ya danne shi da dutse. Yaya ta kai gashin can bayan unguwa ta ƙone.

To daga ranar rayuwar ɗiyata ta koma lungun awaki. Ni ce mai ba shi abinci, da dogon kara nake tura masa kaskon. In na zuba ruwa sai in koma nesa in kasa kunne. Laƙ, laƙ, laƙ. Ban taɓa jin sauti mai daɗin wannan ba, kuma in ya ɗan jinkirta kafin ya sha, numfashina ma tsayawa yake yi. Yawu ya ɗigo daga bakinsa don zafi, in ce shi ke nan. Ya daɗe a kwance, in ce shi ke nan. A sujada na tsinci kaina ina roƙa wa kare lafiya, na ji kunya, na kuma sake roƙa. Gashin bayansa dai ya kwanta luf. In na fito da yarinyar, daga nesa, sai ya ɗora haɓa a ƙasa. Amma ban yarda da shi ba, idona na kan bayansa kullum.

Labari ya kai wa Inna, ta zo da ƙullin kayanta. Ta ɗaga rigar ta dubi wurin, ta sauke, ta zauna. Ban fuskanci bango ba wannan karon.

"Inna, bisa kura kunka ɗora ta?"

"Ubanta ma ya hau," in ji ta. "Da takunkumi gare ta, ƙatti na riƙe da ita." Ta dubi yarinyar. "Gaban idona wata ta ce da ita gurguwa a wurin suna. Ina hitowa na ji ganga."

Daga ranar Inna ba ta koma Unguwar Rogo ba. Da na gaya mata abin da nas ta ce, sai ta ja tabarma ta shimfiɗa inda za ta rinƙa hango lungun. Inna, wadda in kare ya shinshini zanenta sai ta wanke shi, ita ce ke tsince ƙashi daga miya tana ajiyewa.

"Ke, ya sha ruwan?"

"Ya sha, Inna."

"Ƙara mishi. Wanga zahi ko mutum ya haukace."

Haka muka yi ta zama, mu biyu, muna gadin mai gadi.

Ana gobe Juma'ar, wajen azahar, muna zaune ina tsefe wa yarinyar kai, sai sarƙa ta yi ƙara sau ɗaya ta yi shiru. Na ɗaga ido. Yana tsaye, ya kafa wa ƙofar zaure ido, gashin bayansa ya miƙe daga ƙeya har wutsiya. Babu kowa a ƙofar. Babu laya a gidan. Jikinsa har ɓari yake yi.

"Ya fara," na ce. Ban san ma na faɗa ba.

Inna ta shiga salati. Na rungume yarinyar har ta yi ƙara, ina jin zafin ciwon nan na ƙugunta a tafin hannuna, ina tunanin allura ta yi aiki ko ba ta yi ba, ina tunanin yadda aka ce masu ciwon ke mutuwa. Duniyar ta yi mini duhu da rana tsaka.

Sai muka ji sallamar maigida a zaure.

Ya shigo da jaka a kafaɗa, duk ya yi baƙi da hanya. Karen ya tashi sama, ya faɗo, ya sake tashi, wutsiya na juyawa har da ƙugu, yana wani kuka kamar jariri, gashin kuma na nan a tsaye. Maigida ya gaida Inna a tsaye, ya karɓi yarinyar ya duba ciwon, don na riga na gaya masa komai a waya. Ya daɗe yana dubawa. Sannan ya miƙo mini ita ya nufi lungun.

"Kada ka matsa," na ce. "Dubi bayansa."

Ya tsuguna ya shafa gashin ya kwantar, gashin ya sake miƙewa a bayan hannunsa.

"Wanga na murna ne," in ji shi. "Ba shi ke tada shi ba, kamar yadda ba ke ke tada tsikar jikinki ba. In kinka ji tsoro ta tashi, in kinka ji mai karatu da murya ta tashi. Su ma haka. Tsoro, hushi, murna, duk abin da ya cika mishi ciki sai ya hito a baya. A daji amfani gare shi, shina sa ya yi girma a idon abin da ya hi ƙarhinsa. Ke dai kada ki tsaya ga gashi. Dubi wutsiya, dubi baki."

Na duba. Bakin a sake yake, harshe a waje.

"To ran nan fa?"

"Ran nan warin kura ya ji a gidansa, kuma a jikin yarinyar da ke ba shi ƙosai. Ya rasa ta inda zai kama ta bai kama yarinya ba."

Inna ta sunkuyar da kai tana jan carbi. Bai ce mata komai ba a gabana. Ya zuba ruwa a kasko, karen ya kafa kai ya shanye, ni kuma na zauna a ƙasa inda nake.

Juma'a ta zo ta wuce, yana ci yana sha. Na mayar da ɗiyata asibiti a ranar da aka ce. Nas ta tambayi karen kafin ta tambayi yarinyar, na ce yana nan, har kyanwa ya yi wa haushi da safe. Ta duba ciwon, ya bushe ya yi ɓawo. Ta ce in kwantar da hankalina, an wuce wurin.

Da yamma maigida ya same ni ina kwashe tuwo. Ya tsaya yana sosa ƙeya.

"In kina so, gobe in mai da shi ƙauye. Ba zan ce kin yi laihi ba."

Na gama malmala tuwon na rufe kwano kafin na amsa.

"Ka nemo turken ƙarfe," na ce, "ka kira magini ya zuba masa siminti."

Washegari da safe maginin ya zo.